Me Ya Rage a Koya wa Mai Lasisi? Fashin Baƙi Kan Gyaran Tuƙi Ɗaya-da-Ɗaya a Matsayin Aikin Sa Kai

Direban da ya shekara goma riƙe da sitiyari tsakanin Apapa da Kano, ko matashin da ke ratsa gosulon Mile 12 a kan mashin ko ƙafa bai sauke ba, me ya rage a koya masa? In ma akwai, wa zai bar neman abincinsa ya zauna kusa da shi yana yi masa gyara, ba ko sisi?

Tambayar takan taso duk sa'ad da aka yi wani mummunan hatsari, ko aka yaɗa hotunan mashinan da gwamnatin Legas ta kama ana niƙe su. A majalisun Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, da zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Ikko, sai ka ji ana ta cewa "ai sai an koyar da yaran nan." Masu 'yan uwa a Ingila kuma sukan kawo labarin wani tsari na can, inda gogaggen direba ko mahayin babur ke ɗaukar mutum ɗaya tak, ya riƙa fita da shi a ƙarshen mako har ya gyara masa tuƙi, kuma ba a biyansa. Daga nan fahimta take rarrabuwa. Wani ya ɗauka makarantar koyon mota ce ta kyauta. Wani ya ɗauka tsere da wasan mota ake koyarwa. Wani kuma, musamman cikin 'yan acaɓa, yana fatan ko wata takarda ce da za ta ba shi damar komawa Ikeja da Surulere. Duk ukun sun kauce wa abin.

Wane irin tuƙi ake nufi?

A bakin yawancinmu, gwanin direba shi ne mai hannu: wanda zai cusa danfo, wato ƙaramar bas ɗin hayar Legas, a ƴar ratar da kowa ya ce ba za ta shiga ba, ya yi ribas da tirela cikin lungu, ya kauce wa rami a daƙiƙar ƙarshe. Wannan baiwa ce, ban raina ta ba. Sai dai tsarin da ake magana a kai wani abu dabam yake aunawa, wato nisan da idon direba ke kaiwa da kuma lokacin da yake yanke shawara. Direban da ya tsallake hatsari da ƙyar, fasinjoji suka yi salati sannan suka sa masa albarka, a wannan ma'auni ya makara. So ake ya hango abin tun daga nesa, ya sassauta, ya wuce, fasinja bai ma san an yi wani abu ba.

Dalilin yana cikin lissafi. Mota a gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A gudun 60, mita 17 ne. Wanda ya sunkuya daƙiƙa biyu yana duba waya a kan titin Ikorodu a gudun 60 ya yi tafiyar fiye da mita 30 bai ga gabansa ba. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa take yi sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar hatsarin da ke cin rai da kashi 4. Komai iya hannun mutum, taya da kwalta ba su san da shi ba.

Shi ya sa duk karatun ya rataya a kan ƙa'ida ɗaya: kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa ba, a hannunka, cikin tazarar da idonka ya tabbatar babu komai. A kan ta aka gina matakai biyar da direba ke bi duk lokacin da ya doshi kwana ko mahaɗa ko shataletale ko motar da ke tsaye. Da farko ya tattara bayani daga gaba da madubi da gefe, ya kuma sanar da na kusa da shi nufinsa. Sai ya gyara matsayinsa a kan titi, ya daidaita gudu, ya sa giyar da ta dace da gudun, sannan ya ba da wuta in hanya ta buɗe. Jerin yana da muhimmanci. Da yawanmu sai mun shiga kwana muke taka birki, muna laluben giya hannu ɗaya a kan sitiyari.

Daga ina ya fito?

Daga 'yan sandan Landan ne. A shekarun 1930 motocinsu sun yi ta yin hatsari har jaridu suka sa su gaba, aka buɗe musu makarantar tuƙi a Hendon a 1935. A can aka aza tushen waɗannan matakai, kuma hatsarinsu ya ragu ƙwarai. Daga baya aka buga littafin karatun don kowa ya saya, sai farar hula suka ɗauka. A 1956 aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira IAM RoadSmart. Akwai kuma ƙungiyar RoSPA mai yaƙi da haɗurra, ita ma da nata reshen na direbobi da mahaya babur.

Dukansu suna da rassa a garuruwa, kuma 'yan sa kai ne ƙashin bayansu. Mutum zai shiga da lasisinsa a hannu, da motarsa ko babur ɗinsa, a haɗa shi da mai koyarwa ɗaya. Kuɗin da yake biya na ƙungiya ne, na littafi da jarrabawa da zama mamba. Mai koyarwar ba ya karɓar lada, sai dai a ɓangaren babur akan taimaka masa da kuɗin mai tunda nasa babur ɗin yake hawa. A dokar Birtaniya ma, wanda bai yi rajista a matsayin malamin tuƙi ba ba shi da izinin karɓar kuɗi don koyar da mota.

Abu biyu ne suka hana tsarin zama shiririta. Shi kansa ɗan sa kan sai ya ci jarrabawar tuƙin, an kuma horar da shi kan yadda ake gyara wa mutum. Sannan wanda ya koyar ba shi ke jarrabawa ba. Wani ne dabam, galibi ɗan sanda ko tsohon ɗan sanda mai shaidar ƙwarewa a tuƙi. A RoSPA ana ba da daraja uku, ta tagulla da azurfa da zinariya, kuma duk bayan shekara uku sai mutum ya sake zama jarrabawa.

Duk mai son aro daga littattafansu ya tuna cewa su a hagu suke tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun 1972. Kowane zane na kwana da shataletale sai an juya shi.

Yadda fita ɗaya take kasancewa

Mai koyo ne ke tuƙi, a motarsa, a titin da ya saba bi. Mai koyarwa yana gefe, ba ya taɓa sitiyari. Babban makaminsa shi ne ya sa direba ya riƙa faɗin abin da yake gani da baki. A ce wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin kamfani ya zauna kusa da matashi mai aikin Bolt, sun taso daga Pen Cinema sun nufi Ikeja.

"Ɗana, faɗa mini duk abin da idonka ya gani, kada ka yi shiru."

"Baba, ga danfo a gabana."

"Gaban danfon fa?"

"Akwai mata biyu a bakin titi, ɗaya ta ɗaga hannu."

"To me danfon zai yi?"

"Zai faɗa dama ya tsaya, ba sigina."

"Madubinka fa?"

"Akwai mota manne da ni."

"To ɗan taɓa birki tun yanzu, a hankali, na bayanka ya ga wuta."

Babu abin da dattijon ya faɗa wanda yaron bai sani ba. Ya san halin danfo sarai. Abin da ya rasa shi ne ɗabi'ar ɗaga ido ya tsallake motar da ke gabansa. Kuma da zarar an ce mutum ya riƙa magana, inda ya yi shiru nan ne idonsa ya tsaya. Wani zai yi minti biyar bai ambaci madubi ba. Wani ba ya ganin masu tafiya a ƙasa sam, sai motoci. Wani da an shiga gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, sai ya manne wa na gabansa, ya manta da tazarar daƙiƙa biyu da ake so a bari a busasshen titi, huɗu in ana ruwa. Bayan an yi fakin sai a zauna a tattauna abu ɗaya ko biyu kacal, mai koyo ya tafi ya yi ta gwada su cikin mako, a sake haɗuwa.

A babur, mai koyarwa yana bin mai koyo a baya a kan nasa mashin, su tsaya lokaci-lokaci su yi magana. A nan ne nake ganin mun fi buƙata, domin yawancin yaranmu a fili suka koyi mashin, cikin kwana biyu, a hannun aboki, daga nan sai titi. Da yawa suna tsoron birkin gaba, sun ji an ce yana kifar da mutum, sai su dogara da na ƙafa kaɗai. Alhali in ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, kuma birkin gaba ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawar, malaman babur sukan ce kusan kashi 70 cikin 100. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar sa lokaci ɗaya, musamman a kwana ko a kan yashi. Matse shi sannu sannan a ƙara ƙarfi abu ne da ake koya a fili marar motoci, a maimaita har hannu ya saba, kuma da wuya mutum ya koya shi kaɗai.

Akwai masu cire madubi don su samu ratsa gosulo. Akwai waiwayen kafaɗa kafin a canja hannu, wanda madubi ma ba ya maye gurbinsa. Akwai batun ido: babur yana bin inda mahayi ya kafe idonsa, wanda ya zuba wa rami ido ramin zai faɗa. Sai kuma tirela da tanka, waɗanda duk mai bin Ijora da Mile 2 yake gogayya da su kullum. Direban tirela a hagu yake zaune, gefen damansa kuwa akwai wuri mai faɗi da ba ya gani ko kaɗan, kuma in zai sha kwana tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Mahayin da ya kutsa ta dama a daidai lokacin ya shiga tarko. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Ruwan farko bayan rani yana taso da man da ya taru a kwalta, gas ɗin da ya tsiyaya daga tanka ya fi komai santsi, ruwan da ya kwanta kuma yana ɓoye rami da buɗaɗɗiyar kwata. Hular kwano da ba a ɗaure igiyarta ba tana tashi kafin kai ya isa ƙasa. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta sa ta, amma har yau ka duba ka ga nawa ne ke ɗaurewa.

Me ya sa sai ɗaya-da-ɗaya?

Domin kuskuren kowa dabam ne, kuma ba a ganinsa a ɗakin taro. Mun san wannan daga makarantar allo: ko da ɗalibai hamsin ne, kowa da allonsa yake zuwa gaban malam ya biya, malam ya ji inda harshensa ke karkacewa. Lacca a tasha tana da amfaninta, amma mai lacca bai san cewa wane ba ya duba madubin dama ba.

Akwai kuma kunya da girma. Magidancin da ya aurar da 'ya'ya da kuɗin tuƙi ba zai ɗaga hannu a gaban yaran tasha ya ce da daddare ba ya gani sosai ba. A cikin mota, shi da mutum ɗaya da yake ganin mutuncinsa, zai iya faɗa. Haka matanmu da ke kai yara makaranta a mota, waɗanda yawanci maigida ko ƙani ne ya koya musu cikin gaggawa da faɗa. Da za a samu 'yar uwa mace gogaggiya ta zauna kusa da su, da yawa za su karɓa hannu bibbiyu. Ga kuma harshe. Yaron da ya sauka daga Jigawa ko Maraɗi watanni shida da suka wuce, bai ji Yarabanci ba, Turancinsa na ciniki ne, gyaran da zai shige shi sai da Hausa.

Wani zai ce ai muna da irin wannan tun tuni. Gaskiya ne. Yaron mota yana bin ubangidansa shekaru, yana wanke mota, yana sa waigi, yana kallon hannunsa, har ran da za a ce masa "zo ka ja." Manyan direbobinmu na tirela kusan duk ta nan suka fito. Amma yaro yana gadon ubangida ne da kyakkyawa da mummuna. In ubangida mai sakin mota a furi ne a gangara don tsimin mai, haka yaron zai tashi, ya koya wa nasa yaron. Babu ma'aunin da aka yarda da shi, babu kuma na waje da zai zo ya duba. Waɗannan biyun ne tsarin Ingila ya fi mu da su.

Abin da ba zai canja ba a dokar Legas

Lasisi yana nan a hannun hukuma. Sabon direba sai ya bi ta makarantar tuƙi da hukumar FRSC ta amince da ita, ya cika darasi 26, jami'an duba motoci, wato VIO, su gwada shi. Babur ma yana da nasa ajin lasisin, aji A, ko da yake da yawa ba su taɓa nemansa ba. Direbobin haya da na kamfanoni kuma jihar Legas ta ɗora musu zuwa cibiyarta ta horar da direbobi, LASDRI, inda ake gwajin ido da sabunta shaida. Ɗan sa kai ba ya maye gurbin ko ɗaya daga ciki, kuma bai kamata ya ɗauki wanda ba shi da lasisi ya hau titi da shi ba.

Haramcin acaɓa ma haka. Dokar zirga-zirga ta 2012, zamanin Gwamna Fashola, ta hana okada bin tituna 475. Dokar 2018 ta zo ta ƙarfafa ta. A Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana su a wasu ƙananan hukumomi, abin da ya tilasta wa kamfanoni irin su Gokada komawa kai saƙo. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a Satumba kuma aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Mahayi da fasinja duk doka tana hawa kansu. Babu shaidar ƙwarewa da za ta hana a kama mashin a Ojuelegba. Ƙofar da ta rage ita ce ta masu kai saƙo, waɗanda doka ta ce injin babur ɗinsu ya kai 200cc kuma su samu izini, sai unguwannin da haramcin bai kai ba, a titunan cikin gari. Boxer ɗin da yawancin yaranmu ke hawa bai kai wannan ƙarfi ba, kuma wanda ya tashi daga shi zuwa babur mai nauyi da gudu, da akwati a baya, yana buƙatar wanda zai raka shi kwanakin farko.

Masu shakka suna da hujja

Ba kowane horo ne ke rage hatsari ba, kuma wannan ba zancen majalisa ba ne. A 2003 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan ƙarin karatu ga masu lasisi, ba su samu hujjar cewa yana rage hatsari ko rauni ba. A Norwe, da aka wajabta wa sababbin direbobi koyon sarrafa mota a kan santsi, sai aka ga hatsarin samari a titi mai santsi ya ƙaru. Sun koyi dabara kaɗan, suka ɗauka sun gagari ƙanƙara, suka ƙara wuta. Sannan masu kai kansu irin waɗannan ƙungiyoyi dama can masu taka-tsantsan ne, don haka in an ga ba sa yawan hatsari, ba lallai horon ne sila ba.

Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne a kula da abin da ake koyarwa. Horon da ke sa saurayi ya ji shi gwani ne yana iya kai shi asibitin ƙashi na Igbobi da wuri. Wanda ke nuna masa yawan abin da idonsa ke tsallakewa, ya fito yana shakkar titi fiye da yadda ya shiga, shi ne ya cancanci wahalar. Duk ɗan sa kan da ya fara nuna bajinta a kan mashin don yara su yaba masa, a sallame shi.

Akwai hujjar aljihu. Mai biyan balas kullum, ko mai biyan kuɗin mashin kashi-kashi, awa biyu da ya bari asara ce a wurinsa, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Kamfanin da ke biyan ɗan saƙo bisa yawan kayan da ya kai shi ke tura shi bin wanwe, komai karatun da aka yi masa ranar Lahadi. Horo ba ya cike rami, ba ya ɗaure kwantena a bayan tirela. Mutum tara da kwantena ta danne a cikin bas a gadar Ojuelegba a Janairun 2023, da waɗanda gobarar tanka ta ci a gadar Otedola a Yunin 2018, ba rashin iya tuƙinsu ne ya kashe su ba. Kada a bar gwamnati da masu manyan motoci su fake da "a koyar da direbobi" su sauke nasu nauyin.

Sai tsoron da na fi ji a raina: a Legas abin da ya fara da sunan taimako yakan rikiɗe ya zama tikiti. Yau kyauta, gobe kati, jibi an tare hanya ana tambayar katin. In har za a yi, to kada a taɓa wajabta shi a kan kowa, kada kuma kuɗi ya bi ta hannun mai koyarwa.

Wa zai amfana, wa zai fara?

Wanda zai fara gani a aljihunsa shi ne direban da ke biyan gyara da kansa. Mai hango gaba ba ya yawan fizgar birki da totur, don haka mai da taya da kuloci suna daɗe masa. Mai neman aikin tuƙi a gida ko kamfani, in wani dattijo sananne ya ce "na zauna a motarsa, na yarda da shi," maganar tana da nauyi a wurin mai ɗauka. Inshorar dole ta naira 15,000 da masu ƙananan motoci ke biya tun 2023 wanda ka buge take biya, motarka da jikinka suna wuyanka, kuma ya kamata a fayyace tun farko cewa duk abin da ya faru a lokacin fita, alhakin yana kan mai tuƙi.

Mutanen da za su iya aikin muna da su. Akwai tsofaffin direbobin bankuna da kamfanonin mai da ofisoshin jakadanci, waɗanda aka yi wa horo mai tsanani shekara da shekaru, yanzu suna zaune a Agege da Obalende ilimin yana tsufa tare da su. Aikin sa kai a kan titi ma ba baƙo ba ne: hukumar FRSC, tun bayan kafa ta a 1988, tana da rundunar farar hula 'yan sa kai da ke taimaka mata. Fadar Sarkin Hausawa da kwamitocin masallatai da shugabannin tasha za su iya haɗa mai koyo da mai koyarwa, su nemi filin makaranta ranar da babu karatu don gwajin birki.

Matakin farko shi ne mafi wuya, domin dattijon da zai yi wa wani gyara sai ya fara yarda wani ya zauna kusa da shi ya duba nasa tuƙin, a gwada idonsa, a ji ko zai iya faɗin abin da yake gani daga Agege har Oshodi bai yi shiru ba. Wasu za su ji haushi su janye. Da mutum biyar da suka yarda aka gwada su za a iya farawa, kowanne da ɗalibi ɗaya, a kuma roƙi wani jami'in FRSC ko malamin makarantar tuƙi mai rajista ya zama shi ne mai jarrabawa in an gama.